Ɗanyen Yaɓe a Bangon Nasidi

A unguwar Limancin Kona, inda ko tari mutum ya yi sai an tambaye shi a wane littafi ya gani, akwai dattijai biyu da suka daɗe suna zuwa sayen ƙusa a Sabon Gari kowace Asabar. Ɗaya Bahago ne, magini, wanda aikinsa duka ƙasa ce da azara, babu inda ƙusa ta shigo. Ɗayan taubashinsa ne, Nasidi, maɗinkin manyan riguna, wanda bai taɓa riƙe ƙarfen da ya fi allura kauri ba. Amma da la'asar ta yi sanyi sai ka ga Bahago ya turo keke, Nasidi ya tattare riga ya haye baya, sun nufi Ƙofar Doka. Kowa ya san silima suke zuwa. Sai dai a wancan zamani, lokacin da ake ta zancen mulkin kai, mai furfura ɗan cikin birni ba ya faɗin haka da bakinsa, mutane kuma suna da kunyar da za su bar masa ƙusarsa.

Abin da ya kama su wani labari ne na Turawa da ake yankawa kashi-kashi. Kowane mako a nuna guntu, a tsaya daidai inda rai ya fi so, a ce sai wata Asabar. Wani mutum ne ya shiga jirgi mai kama da tabarya, wuta na fita ta gindinsa, ya wuce gajimare, ya wuce wata, ya je ya maƙale a wani tauraro da babu komai cikinsa sai toka. Yana yawo da wani abu na gilashi kife a kansa, don haka suka sa masa suna Mai Tulu. Jirgin kuwa Tabarya. Matar da ke mulkin tauraron ita ce Uwar Toka, dakarunta na ƙarfe kuma 'Yan Gwangwani.

Cikinsu babu mai jin Turanci ko na sayen gishiri. Wannan bai taɓa hana Nasidi fassara ba. Da Mai Tulu ya buɗe baki sai ya zunguri Bahago ya ce, "Ka ji abin da ya ce? Cewa ya yi shi ɗan halak ne, ba ya cin abincin wanda bai san asalinsa ba." A wurin Nasidi aka ji cewa Mai Tulu ya baro tsohuwarsa a gida ba tare da ya yi mata sallama ba, shi ya sa tafiyar ta ƙi albarka, kuma duk wannan faɗa da guje-guje ba don komai ba ne sai don ya koma ya nemi gafararta. Ko Turawan da suka shirya abin sun san da wata tsohuwa, Allah masani. Bahago dai ya yarda, har yakan ji tausayinta.

A hanyar dawowa ake yin shari'a. Nasidi ba ya yafe wa wanda ya ɗinka wa Mai Tulu wando, ya ce ko mutum zai je sama ai a bar masa wurin durƙuso. Bahago kuma gine-ginen mutanen tauraro ke ba shi haushi, soraye sumul babu indararo ko ɗaya, ya ce damina guda ta ishe su. Sai Nasidi ya ce, "Wa ya ce maka ana ruwa a can, sarkin taɓo?" Sun taɓa ƙetare gadar Kubanni ba su sani ba, suna gardamar inda alƙibla take ga wanda ya bar duniya a ƙarƙashin ƙafarsa. Gardamar ma kusan Nasidi ke yin ta shi kaɗai, ya kawo hujja ya rushe da kansa. Bahago nasa tuƙi ne da "uhm". Shi mutum ne da maganarsa take a hannu, ka ba shi ƙasa ya fitar maka da dagi mai kai takwas, amma ka ce ya ba da labarin abin da ya ci da safe sai ka yi barci.

Allura ba ta barin ido lafiya. Yanar ido ta fara rufe wa Nasidi gani tun bara, ya ɓoye, kamar yadda masu baki suka iya ɓoye abu. Sai ya riƙa cewa, "To, faɗa mini abin da ka gani, in ji ko kana lura." Bahago ya faɗa, shi kuma ya ɗora. Da haka aka ci watanni, har wata Asabar a tsakiyar damina fim ya tsinke ana cikin faɗa. Bangon silimar ya yi fari fat, samari suka fara fito suna zagin mai injin. Nasidi ya ɗauka ihun faɗa ne. Ya ɗaga murya ya ce, "Ka gani ko? Ya kayar da na biyun. Dubi yadda ya shaƙe shi." Waɗanda ke benci ɗaya da su suka juyo, suka dube shi, suka dubi farin bango, wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi.

Ran nan har suka shiga Ƙofar Doka ba a yi shari'ar ba. Bahago bai taɓa sanin hanyar tana da tsawo haka ba.

Tun daga ranar Nasidi ya shige ɗaki. Matarsa ta rasu da daɗewa, gidan daga shi sai wata tsohuwar gwaggo da ke dafa masa abinci. Masu kawo ɗinki suka yi sallama suka gaji. Bahago da yake ɗan gida ne yakan shiga har ƙofar ɗaki ya tsuguna, Nasidi ya juya fuska bango ya ce ba ya son a zo kallonsa. Mutumin da ya saba a taru a saurare shi, ga shi yau an taru an yi masa dariya. Ciwon bai tsaya a ido ba.

Sabo turken wawa, Asabar na yi Bahago ya hau keke shi kaɗai. Keken ya yi masa sakayau har yana neman kayar da shi. Ya zauna ya zuba ido, ya ga komai, ya ga Uwar Toka ta nuna Mai Tulu da yatsa, ya ga an buɗe wata ƙofa an rufe, amma bai san me ya faru ba. An ce gani ya kori ji. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama kusa da Nasidi ba. Kashegari ya je ya tsuguna a ƙofar ɗakin, ya yi gyaran murya ya ce, "Jiya na je."

Can Nasidi ya ce, "To?"

"Sun tashi. Sai kuma suka sauka. An yi faɗa."

"Wa ya yi faɗa da wa?"

"Su dai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Nasidi ya yi tsaki ya ce, "Allah ya ba ka ido ya hana ka baki, ni ya bar mini baki ya karɓe ido. Tashi ka ba ni wuri, Bahago."

Ya tashi. A zaure ya tsaya ya jima yana gyara hular da ba ta karkace ba. Kewar muryar mutumin nan yake ji kamar yunwa, ga shi kuwa bango ɗaya ne tsakaninsu.

Da ruwa ya ɗauke, Jamilatu 'yar Nasidi ta zo daga ƙauyen da take aure, can bayan Soba. Ta ga halin da uban ke ciki ta yi kukanta a bayan ɗaki, sannan ta aika a kira Bahago. Ta durƙusa ta gaishe shi ta ce, "Baba, gwaggo ƙarfinta ya ƙare. Mun yi shawara da maigidana, da an gama shigar da dawa zai zo mu tafi da shi can, inda idona zai riƙa kaiwa gare shi." Bahago ya ce hakan ya yi, don ba shi da abin da zai ce bai yi ba. Ta ce kuma damina ta cinye fuskar gidan, tana so a yi yaɓe kafin su tafi, kada a bar gida kamar kango. Har ya miƙe sai ta ƙara da cewa, "Sai dai a yi a hankali, Baba. Bangon nan shi ne sandarsa. Ba ya fita sai da asuba, lokacin da babu mai ganinsa. Da shi yake dafawa har masallaci, ya dawo tun gari bai waye ba."

Bahago ya fito ya tsaya gaban bangon. Sai a lokacin ya lura da wani layi da ya yi santsi daidai ƙugun mutum, tun daga ƙofar zaure har kusurwar da ta kalli masallaci. Ya sa hannunsa a kai ya bi shi har ƙarshe.

Kowane ɗan koyo a Zariya ya san inda ake ado: saman ƙofar zaure, kusa da zankwaye, inda mai wucewa zai ɗaga kai ya san gidan mutum ne. Kuma da safe ake yi, rana ta samu ta busar. Bahago ya kwaɓa ƙasarsa da ciyawar ramno ya bar ta ta kwana biyu ta yi laushi, sannan ya zo ran Lahadi bayan la'asar, ya durƙusa a kusurwar masallaci, ya fara aiki daidai ƙugu. Surar mutum ba ta hawa bango a Limancin Kona, shi ma ba zai fara ba. Don haka ya fitar da tulu a madadin Mai Tulu, duwatsun murhu uku a madadin Uwar Toka, gwangwanaye a jere, ga Tabarya a tsaye da harsunan wuta a gindinta. Abin da ya gani jiya ya shimfiɗa: tulu a tsakiya, gwangwanaye sun kewaye shi, Tabarya can gefe an raba ta da mai ita.

Unguwa ta samu abin taɓawa. Wani tsohon abokin sana'arsa ya tsaya ya riƙe haɓa ya ce, "Malam Bahago, tsani ne ya gagare ka hawa, ko awaki kake yi wa ado su samu wurin susa?" Mata masu leƙe ta zaure suka ce kayan ɗakin amarya ne aka zana, tabarya da tulu da murhu, saura tukunya. Wani malami ya duba da kyau, bai samu abin da zai hana ba, ya tafi ransa a ɓace. Bahago ya ci gaba da aikinsa.

Shi fa mutum ne da aka sani da zafi a kan ɗanyen aikinsa. Kaza ta taka masa yaɓe sai mai ita ta ji a jikinta. To, da hantsi ya zo ya tarar an taɓa. Sawun yatsu huɗu ya bi tulun ya kewaye, ya sauka kan gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya, ya koma kan tulun, kamar mai ƙirga 'ya'yansa. A gindin Tabarya kuma an ja wutar da farce an ƙara mata tsawo, layi-layi a jere, tazararsu daidai kamar ɗinkin aska a ƙirjin riga. Bahago ya tsuguna a wurin, ludayin yaɓe a hannunsa. Da ma Nasidi ya sha cewa wutar jirgin nan ta fi yadda idon magini ke gani. Bai shafe ko layi ɗaya ba.

Haka suka koma hira. Asabar ya je ya gani, Lahadi da yamma ya gina, don ƙasar ta kwana ɗanya. Da hantsi ya zo ya karanta amsa. Wata rana a dangwala babban yatsa kusa da abin da ba a gane ba, sai ya sake fitar da shi da kyau. Wata rana a ja layi daga tulu zuwa Tabarya, wato ya kamata ya gudu yanzu. Ranar da aka jefa Mai Tulu a rami, tafin hannu gaba ɗaya ya samu a kan tulun, an danna har ya ɗan lotsa. In ya shiga gidan kuwa, fuskar nan tana bango, gaisuwa kawai ake amsawa. Babu wanda ya ambaci yaɓe.

Sau ɗaya ya kasa haƙuri. Ya bar masallacin da ya saba salla ya zo ya raɓe a bakin lungu da asuba. Ya ga Nasidi ya fito daga masallaci, ya kai hannu bango, ya tsaya. Leɓunansa suna motsi, kansa na kaɗawa, har da ɗaga yatsa irin na mai kafa hujja. Labarin yake bayarwa, shi kaɗai, ba mai zungura. Taku kaɗan ne tsakaninsu, da Bahago ya matsa da ya ji. Amma ya san da ya motsa bakin nan zai rufe, wataƙila fitar asubar ma ta ƙare. Ya tsaya a inda yake yana kallon maganar da ba ya ji, har Nasidi ya gama ya shige zaure.

Bango na ƙarewa, labari na ƙarewa, dawa kuma ta shiga rumbu. Mai yanka tikiti ya shelanta cewa kashi mai zuwa shi ne na ƙarshe. Saura wuri ɗaya a bangon, dab da ƙofar zaure. Bahago ya yaɓe shi ran Laraba ya shafe sumul, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, yana jiran Lahadi. Ran Alhamis mijin Jamilatu ya iso da jakuna.

Kashegari ba a yi asubanci ba, don sai da aka ɗaure kaya. Rana ta fito sosai sa'ad da Jamilatu ta fito riƙe da hannun ubanta, maƙwabta sun taru yin sallama. Ya rame, rigar da ya ɗinka da hannunsa ta yi masa yawa. Bahago na gefe, ya rasa inda zai sa hannuwansa. A bakin zaure Nasidi ya zare hannunsa daga na 'yarsa ya kai bango. Ya tsallake buhun, ya sami aikin makon jiya.

Ya ce, "Bahago, kana nan ai. Ina jin warin taɓo."

"Ina nan."

"Na ga ka matso da murhu jikin tulu. Me take yi?"

"Kuka take yi. Ta riƙe masa hannu."

"Aurensa take so," in ji Nasidi, muryarsa ta fara ɗagawa. "Tun ran da ta hana a kashe shi na san za a zo nan. Za ta ce masa ga sarauta, ga dukiya, ga dakaru. Shi kuwa me zai yi da sarautar toka? Zai ce mata, baiwar Allah, ki yi haƙuri, ni ina da tsohuwa, ban yi mata sallama ba. Kai kuma da ka ga ta riƙe masa hannu ka ɗauka duba take yi masa, ko?"

Mutane suka yi dariya, irin wadda ya saba ji a da. Ya bi bangon da baya-baya yana faɗi, yana nuna wa jama'a da yatsa, ga inda aka kama shi, ga ramin, ga inda magini ya ɓata wuta shi ya gyara. Masu cewa kayan amarya suka yi tsit a soro suna saurare. Bahago bai kalli bango ba ko sau ɗaya. Bakin yake kallo, yana fatan kusurwar masallaci ta yi nisa. Sai da mijin Jamilatu ya ce, cikin ladabi, "Baba, rana tana yi, hanya da tsawo."

Nasidi ya dawo ƙofar zaure. Hannunsa ya faɗa kan buhun, ya ɗaga, ya shafa ya ji babu komai.

"Nan fa?"

"Na kashin gobe ne. Sun ce shi ne ƙarshe."

Nasidi ya sake shafa wurin. Sannan ya buɗe tafinsa ya danna a tsakiyar ɗanyar ƙasar, ya ɗan jima kafin ya cire. Ya ce, "Kada ka gina. Kai in aka bar ka da ƙarshe ɓata shi za ka yi. Ka je ka duba da kyau, ka riƙe a idonka. In na zo da salla ka faɗa mini abin da ka gani, ni in faɗa maka abin da ya faru, sannan mu sa."

"Ƙasa ba ta jira, Nasidi. Bushewa za ta yi."

"Kai ne magini," in ji shi. Aka ɗora shi a jaki.

Ran Asabar Bahago ya je. Ya ga Tabarya ta tashi daga cikin toka, ta yi ta tafiya cikin duhu, ta sauka a wani fili mai itatuwa. Mai Tulu ya fito, ya cire tulun daga kansa, karo na farko. Wata mace ta sheƙo da gudu, amma yarinya ce, ba tsohuwa ba. Ya riƙe ta, sannan ya ɗaga kai sama ya yi wata doguwar magana, idonsa ya kawo ruwa. Samari suka yi tafi. Bahago ya juya hagunsa, inda ake zungurarsa. Wani ɗan akawu ne zaune a wurin da alƙalami a aljihu, da gani ya ji kowace kalma. Gida ne ya iso, ko wani tauraron ne mai itatuwa? Tsohuwar tana ciki, ko ya tarar an yi bakwai? Har ya buɗe baki zai tambaya, sai ya rufe. Ba daga wannan bakin yake son ji ba.

Sauran bangon ya bushe, ya shafe shi da makuba ya yi ja, har baƙi na tsayawa kallo. Wurin nan ɗaya ne bai bari ba. Safe da yamma yakan zo da tulunsa ya ɗaga buhu ya yayyafa ruwa. Aikin yana da wuya, don ruwan da ke hana ƙasar bushewa shi ne kuma ke cin sawun tafin a hankali. In ya bari ta bushe hannun zai zauna har abada, amma babu sauran abin da za a ƙara. In ya ci gaba da jiƙawa, wata rana zai ɗaga buhu ya tarar babu hannun. Sai ya koyi zuba ruwan da yatsu, a gefe-gefe, yana kewaye shi.

Salla ta zo, jaki bai zo ba. Jamilatu ta aiko da gaisuwa da ƙullin daddawa, ta ce jikin da sauƙi, sai dai ƙafa ta ɗan kumbura, wataƙila sai babbar salla. Ran nan da yamma tsohon abokin sana'ar nan ya sake biyowa, ya same shi tsugune da tulu.

Ya ce, "Malam Bahago, wai yaushe za ka gama ɗan wurin nan ne?"

Bahago ya mayar da buhun ya danne gefensa da dutse. Ya ce, "Mai aikin bai zo ba."